Sifirin da Ba Ki Rubuta Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Talata Mafara, zuwa ga Uwani.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar hankali. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya ruwan Ibadan da barkononsu? Mun gode wa Allah da Ya sauke ku lafiya, don tun da motarku ta bar tasha innarki ba ta ajiye carbi ba sai da kika kira. Kin san yadda hanyoyinmu suka koma, ba sai na faɗa ba. Idan kin ji takardar tana warin albasa kada ki zargi kowa. Maƙwabcinmu direban nan mai kai albasa kudu na ba, ya ce zai sa ta a aljihu, ni kuwa na san aljihunsa.

Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan innarki ta fi ni iyawa a waya. Maganar zaure ce ta sa na ɗauki biro, domin na sami labarin kin tafi da wani abu a ranki game da ni, kuma ba zan iya bari ki fara karatun digirinki na biyu da shi ba.

Bari in fara daga farko, ko da yake kin sha jin labarin. Kina shekara shida, kin fara firamare, hannunki ba ya ganin bango ya ƙyale. Kika sami gawayi kika shiga zaure kina rubuta ɗaya zuwa goma, manne da juna, babu ko tazara. Kin kai tara, kin rubuta ɗayan goma, sai innarki ta ƙwala miki kira ki kawo mata faifai. Kika yar da gawayin kika ruga. A daidai nan na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Bakura, ina tura babur, na ɗaga kai na ga 1234567891 baƙi ƙirin a bangon da aka yi wa farar ƙasa bai daɗe ba.

Wallahi da niyyar faɗa na tsaya. Amma malamin lissafi ba ya ganin lamba ya wuce ta. Na ce biyu ba za ta raba ta ba, biyar ma haka, tunda da ɗaya ta ƙare. Na haɗa lambobinta suka ba ni arba'in da shida, na san uku ta fita. Na gwada bakwai, saura huɗu. Na gwada sha ɗaya, saura bakwai. Sha uku ma ta bar sha ɗaya. Ina nan tsaye riƙe da babur sai ga ki kin dawo, kin ɗauki gawayinki. Na kama hannunki. Kika dube ni kika ce, "Baba, ban gama ba, saura sifiri." Na ce ki bar shi tukuna, akwai abin da nake dubawa. Wannan tukuna ɗin ce ta kawo mu yau. Da na sake ki kin rubuta sifirin, da biyu da biyar da goma duk sun raba ta nan take, da maganar ta mutu a ranar, da kuma kin sha faɗanki.

Da gyaɗa na fahimtar da ke. Na ba ki ƙwaya goma sha biyu na ce ki raba wa mutum uku, kika raba, mutum huɗu ma kika raba. Na ƙara miki ɗaya suka zama sha uku. Kika yi ta juyi, duk yadda kika kasa sai wata ta tsaya ita kaɗai, har kika gaji kika cinye ta. Na ce to irin waɗannan lambobin ba mai raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kuma ina zaton ta bangon nan irinsu ce. Innarki tana jin mu daga tsakar gida ta ce, "Wato gagara-raba ta, awa mai ita." Sunan ya bi lambar har yau, wani lokacin ya bi ki.

Alli yana sa ni tari, shekarun aji sun ishe ni. Shi ya sa na sa aka kawo mini lallausan rairayi daga bakin gulbi aka zuba a kusurwar zaure, yadda marigayi kakanki yake koya mana lissafi da tsinke. Kowace Juma'a bayan la'asar mu zauna, mu gwada raba ta da ƙananan gagara-raba biyar-biyar, inda muka tsaya mu rubuta a bayan ƙyaure. Na gaya miki ba har abada za mu yi ta yi ba. Idan muka kai dubu talatin da biyar da ɗari da talatin da shida ba mu sami mai raba ta ba, to babu shi ke nan, domin lambar da ta wuce wannan, in aka ninka ta da kanta, ta zarce tamu. Gwajin duka dubu uku da ɗari bakwai ne da 'yan kai. Kika tambaye ni ko za mu gama kafin Sallah. Na ce in sha Allahu, ban dai faɗi wace Sallar ba.

Kuskurena na farko kina wajen shekara goma na yi shi. Mun shiga cikin dubu bakwai da wani abu, na ja rabawa a rairayi, na sauko ƙasa sai na ga babu saura. Uwani, na miƙe tsaye ina kabbara kamar an ce mini na sami kujerar Makka. Na shiga gida na ce innarki ta sa a kama jan zakaran nan a yanka, yau lamba ta rabu. Ke kuwa kina durƙushe kina ninka amsar da abin da muka raba da shi, kamar yadda ni da kaina na koya miki. Kika biyo ni kika ce, "Baba, ba ta koma daidai ba." Na ce miki tun ba a haife ki ba nake koyar da lissafi, ki je ki wanke hannu. Kika tafi, amma ba ki ci naman kirki ba, ina kallon ki. Washegari da safe na koma zaure, ashe kin kewaye aikin da tsakuwa don kada kaji su tone shi. Na bi shi layi-layi na iske inda na ɗebe takwas daga sha biyar na rubuta shida. Zakara dai ya riga ya tafi a banza, kuma har gobe in na cika baki a gidan nan sai innarki ta ce, "Allah Ya ji ƙan jan zakara."

Daga ranar muka kafa dokarmu: ɗaya ya raba, ɗaya ya ninka ya tabbatar, ba mai rufe aiki shi kaɗai. Ki tafi da wannan dokar. Amsar da ta ɓata miki rai za ki sake duba ta ko ba a ce miki ba. Wadda ta faranta miki rai ita ce abin tsoro, ita za ki ba wani ya duba. Kuma idan wanda bai kai ki ba ya ce bai ga daidai ba, ki zauna ki bi aikin tare da shi kafin ki tuna masa shekarunki. Za ki zama malama wata rana, kuma ciwon malamai ke nan, ni na san shi a jikina.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Kin san gidanmu gidan karatu ne, kakanki ya yi limanci, Baffanki Sahabi ya gaje shi. To ga ƙanen liman, kowace Juma'a bayan la'asar, zaune a zaure gaban rairayi, yana ja da tsinke yana gogewa yana motsa baki, ga yarinya a gefe, ga doguwar lamba a bango an hana kowa taɓawa. Ni ban taɓa kawo komai a raina ba. Ashe gari ya gama yanke hukunci cewa bugun ƙasa nake yi, ina duba wa mutane abin da ya ɓuya.

Ban sani ba sai ranar da wata dattijuwa ta yi sallama, ta sha hanya tun daga Janbako, ƙafarta fari fat, ta ajiye kaza da goro a gabana. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam, karsanata ta ɓace, ita ɗai gare ni. An ce kai ka duba ƙasa ka hwaɗi inda abu yake. Don Allah ka duba min." Kunya da fushi suka rufe ni lokaci guda. Na daka mata tsawa, na ce wa ya gaya mata ni boka ne, ta kwashe kayanta ta ba ni wuri. Matar nan ta kwashi kayanta ta tashi, ko ruwa ban ce a ba ta ba. Na juya na share rairayin da ƙafa, aikinki na ranar yana ciki, na ce daga yau an daina. Kika yi kuka, ban kula ki ba. Damina guda cur ba mu zauna ba, kina wucewa ta zaure kina kau da kai daga bangon.

Baffanki ne ya zo da kansa bayan an yi girbi. Ya zauna ya ce, "Garba, mi kaka yi cikin ƙasag ga da mutane ka magana? Tun bara nika jira ka zo ka hwaɗa min da bakinka." Na yi masa bayani ina ta kame-kame. Shi da yake rabon gado sana'arsa ce, ya dubi bangon ya ce, "Wato kuna neman ko akwai adadin da ya yi tarayya da ita, ko kuwa tabayuni na tsakaninta da kowa." Tabayuni, in kin tuna, shi ne sunan da masu rabon gado suke ba adadi biyu da ba su haɗa mai raba su ba. Na ce shi ke nan, Yaya. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "To wanga ai cikin littahin gado yake. Kai dai ba ka iya magana ba. Da ka buɗe baki tun hwarko da ba a kai nan ba." Juma'ar da ta biyo shi ya zauna a ƙofar zaure muna aiki, duk wanda ya wuce ya kira shi ya nuna masa. Daga nan maganar bugun ƙasa ta mutu, aka koma cewa gidan Malam Garba dai ba su da aikin yi.

Abin da nake so ki ɗauka a nan biyu ne. Inda kika je za a tambaye ki me kike karantawa, mene ne amfaninsa. Masu tambayar wasu da izgili za su yi, wasu da gaske. Kada ki ɓoye aikinki, kada kuma ki yi fushi. Ki nemi gyaɗa ki nuna musu. Sannan duk wanda ya zo miki da buƙata bisa kuskure, ki tuna shi da damuwarsa ya zo. Dattijuwar nan karsanarta ce ta ɓace, ba mutuncina ta zo ci ba. Da na zaunar da ita na ba ta ruwa, na haɗa ta da masu shiga kasuwar shanu su sa mata ido, da na yi abin da ya kamata. Na sa an yi mini cigiyarta a Janbako daga baya ba a dace ba, ban ma san sunanta ba. Har yau in na tuna ƙafafunta sai in ji ba daɗi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Kika shiga sakandare, kika fi ni sauri a rabawa, na koma mai ninkawa ina bin bayanki. Kika tafi jami'a a Sakkwato, in kin zo hutu mu yi ramuwar Juma'o'in da suka wuce, innarki tana aiko mana da kunun gyaɗa tana mita. A nan kika fara kawo mini sababbin abubuwa. Ke kika nuna mini cewa manyan gagara-raba gida biyu ne, masu barin ɗaya in an raba su huɗu da masu barin uku, kuma tamu uku take bari. Kika ce 'yan gidan farko ana samun su in an haɗa murabba'i biyu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, kamar sha uku da take huɗu da tara, amma 'yan gidan tamu ba sa yarda, kamar bakwai. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na ce ashe taurin kan nata na dangi ne. Kin kuma yi mini bayanin wasu hanyoyin gwaji na zamani, ina gyaɗa kai, rabinsu ban gane ba.

Kuma na sani, Uwani, na daɗe da sani, cewa wayar da ke hannunki za ta ba da amsar lambar nan kafin mutum ya ƙifta ido. Na san kin duba, ɗalibar lissafi ba za ta iya haƙuri ba. Amma ba ki taɓa faɗa mini ba, ko da wasa. Kika ci gaba da durƙusawa a rairayi da tsinke kina ɓata zanenki. A duk abin da kika yi mini na biyayya babu wanda ya kai wannan a wurina, kuma ban taɓa gode miki ba. Na gode.

Yanzu ga na uku, wanda ya sa na rubuto. Da takardar ɗaukarki karatu ta zo, kika lissafa kika ce in muka dage za mu gama kafin ki tafi. Kika yi murna, ni ma na nuna na yi. Daga nan na fara ja da baya. Wata Juma'ar in ce idona yana yaji. Wata in ce zan je gaisuwar rasuwa a Faru, alhali gaisuwar za ta iya jira har Asabar. Wata in bar ki zaune in tsaya hira a masallaci har magariba ta kawo jiki. Duk da haka kika yi ta jan mu har ya rage saura uku, aikin da bai kai na zama ɗaya ba. Juma'ar ƙarshe, bayan kin dawo daga sallamar kawunnanki a Maradun, kika share rairayi, kika fere sabon tsinke, kika zo kika ce, "Baba, bismillah." Na ce na gaji, a bari sai wani lokaci. Kika jingine tsinken a bango kika shige gida. Ranar tafiyarki kika durƙusa na yi miki addu'a, amma ba ki ɗago kin dube ni ba.

Bayan mun dawo daga tasha innarki ta same ni a zaure. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, ka san ɗiyag ga da kuka ta tahi? Cewa ta yi ba ka son tahiyarta, shi ya sa ka ƙi gama aikin da ita. Tana ganin albarkar da ka sa mata ta baki ta, ba ta zuci ba." Na ce subhanallahi, ni da na yi ta zirga-zirgar takardunta? Ta ce, "To mi ya hana ka zama? Idonka lahiya lau yake, jiya na gan ka kana zare ƙaya ga ƙahwar akuya."

To ga amsar, ki ji ta daga gare ni. Tsoro ne ya hana ni. Tun kina shekara shida nake da abin da zai zaunar da ke kusa da ni kowace Juma'a. Na ga in muka gama kika tafi, ba sauran abin da zai ja ki zuwa zauren nan, sai ki zo hutu ki gaishe ni a tsaitsaye ki wuce wajen innarki, kamar yadda 'ya'yan mutane suke yi. Sai na ce bari in rage ɗan wani abu da ba a gama ba, ya zama igiya. Dabara ce ta tsoho, kuma ba ta yi kyau ba, tunda ta sa kin hau mota kina shakkar albarkar mahaifinki. Ki ji da kyau: na yarda da tafiyarki ciki da waje. Ranar da takardar ta zo, bayan kin shiga gida, sai da na yi sujada a kan rairayin nan. Allah Ya yi miki albarka, albarkar da ba ta da saura.

Nasihar da ke cikin wannan ita ce kada ki riƙe mutum da dabara. In kina son mutum ya zauna, ki ce masa kina so. In kina tsoron rabuwa, ki faɗa. Shirun da kike ganin kunya ce ko kawaici, wanda ke gabanki zai fassara shi da abin da ya fi muni, kuma ba laifinsa ba ne. Za ki yi ƙawaye, za ki yi ɗalibai, wata rana za ki yi gidanki, duk za ki buƙaci wannan. Sauran nasihohin, na salla a kan lokaci da kula da abokan zama da rufe ƙofa, innarki ta yi miki su har kin haddace.

Ga ukun da suka rage, na kwafo su daga bayan ƙyaure da rubutunki: 35111, da 35117, da 35129. Ban taɓa su ba, doka ta hana. Juma'ar farko bayan takardar nan ta same ki, in kin yi la'asar, ki sami takarda ko ƙasar Ibadan in tana rubutuwa, ki raba, ki kira ni. Zan kasance a zaure da tsinken da kika fere, ina ninkawa. Baffanki ya ce zai zo ya zama shaida, innarki kuma ta ce ba za a kama kaza ba sai ta ji daga bakinki. Duka ukun za mu yi a zama ɗaya. Kada ki rage ko ɗaya don tausayina.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai na gari. Ya buɗa miki abin da ya rufu, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki, Baffanki da mutanen Maradun duk suna sa albarka.

Bana ma da masu shafen farar ƙasa suka zo na tsaya a kansu, sun kewaye wurin kamar kullum. Rubutunki yana nan, ya ɗan dushe amma ana karanta shi, kuma akwai fili a gefen ɗayan ƙarshe. Na ajiye gawayi a kan taga. In kin zo hutu, kafin ki shiga wajen innarki, ki tsaya ki rubuta sifirinki. Wannan karon ba zan riƙe miki hannu ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Garba